Rabuwar Unguwannin Kaduna Tsakanin Musulmi da Kirista, da Kwatancinta da Katangun Belfast

Kaduna, babban birnin Jihar Kaduna a arewacin Najeriya, tana cikin biranen da aka fi ambato idan ana zancen garin da mazaunansa suka rabu gida biyu bisa addini. Tun daga rikicin shekarar 2000, mafi yawan Musulmin birnin suna zaune ne a arewacin Kogin Kaduna, mafi yawan Kiristoci kuma a kudancinsa. Babu dokar da ta tsara haka, babu kuma katangar da hukuma ta gina. Kogin da ya ratsa garin shi ya zama iyaka, har ma akan ji wasu suna kiran ɓangaren arewa Makka, na kudu kuma Urushalima. A Turai akwai birnin Belfast, inda irin wannan rabuwa ta kai ga gina katangu na siminti da ƙarfe tsakanin unguwannin Katolika da na Furotesta. Wannan maƙala ta tattaro asalin rabuwar Kaduna, yadda take gudana, kamanninta da ta Belfast, da kuma abin da ya shafi zangunanmu na Gana.

Kafuwar garin da zaman cuɗanya

Kaduna ba tsohon birnin sarauta ba ce irin Kano ko Zariya ko Katsina. Turawan mulkin mallaka ne suka kafa ta a inda layin dogo ya ƙetare kogi, suka mayar da hedikwatar Arewa can daga Zungeru a 1917. Ta ci gaba da zama fadar gwamnatin Jihar Arewa har zuwa 1967. Sunanta, kamar yadda aka fi faɗa, ya samo asali ne daga kadojin da ke cikin kogin.

Saboda sabon gari ne na ma'aikata da sojoji da 'yan kasuwa, kowa baƙo ne a cikinsa, in ban da Gbagyi da ke zaune a yankin tun kafin zuwan Turawa. Hausawa da Fulani da Nufawa da Barebari da Yarabawa da Ibo da Bajju da Atyap da Tibi duk sun taru a can. Masana'antu sun ƙara janyo jama'a: masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, wasu masaƙu irin su UNTL da Arewa suka biyo baya, kamfanin harhaɗa motocin Peugeot ya buɗe a 1975, matatar mai kuma a 1980. Yawancin waɗannan suna kudancin kogi. A unguwannin ma'aikata irin su Kakuri da Makera da Nasarawa, gidan haya guda yakan haɗa Musulmi da Kirista, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. Haka nan a Tudun Wada da Rigasa da Kawo akwai coci-coci da iyalan Kiristoci masu yawa.

Tushen ware unguwanni a zamanin Turawa

Ware mazauna gari bisa asali ya girmi rikicin 2000. Tsofaffin biranen Hausa suna da ganuwa, amma ganuwa domin tsare gari daga mahara aka yi ta. Da Turawa suka zo sai suka kawo wani tsari na daban. A Kano da Zariya an keɓe Birni ga talakawan sarki, an kafa Sabon Gari domin baƙi daga kudu, waɗanda mafi yawansu Kiristoci ne, an kuma ware Tudun Wada domin 'yan Arewa da ba 'yan gari ba. Turawa su kuma suka zauna a unguwarsu, da fili na yadi 440 da ba a yarda a yi gini a kansa ba tsakaninsu da 'yan ƙasa. Dokar birane ta 1917 ta ƙarfafa wannan tsari. A rikicin Kano na watan Mayu 1953, fagen fama shi ne iyakar Sabon Gari da Fagge. Kaduna ta gaji wani abu na wannan tsari, sai dai aikin gwamnati da na masana'antu sun cakuɗa jama'arta fiye da na sauran biranen Arewa.

Rikice-rikicen da suka raba garin

Ya kamata mai karatu ya bambance abu biyu. Akwai kudancin birnin Kaduna, wato unguwannin hayin kogi. Akwai kuma Kudancin Kaduna, wato yankin jihar da ya haɗa Kafanchan da Zonkwa da Kachia da Kagoro, inda ƙabilu da yawa da mafi yawansu Kiristoci ne suka daɗe suna ƙorafi kan zamansu ƙarƙashin masarautun Zazzau da Jama'a. Rigingimun wannan yanki kan sarauta da filaye da kasuwanni su ne sukan malalo cikin birni su ɗauki kamannin addini.

A watan Maris 1987 rikici ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. A 1992 saɓani kan mayar da kasuwar Zangon Kataf wani wuri ya jawo faɗa tsakanin Atyap da Hausawa a watan Fabrairu, ya sake ɓarkewa a watan Mayu, ramuwar gayya ta iso birnin Kaduna. Duk da haka mutane da yawa sun koma gidajensu bayan ƙura ta lafa.

Abin da ya sauya taswirar garin shi ne rikicin 2000. Bayan Jihar Zamfara ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a watan Oktoba 1999, majalisar dokokin Jihar Kaduna ta fara duba batun. Musulmi sun yi tarukan goyon baya, Kiristoci kuma suka fito zanga-zangar ƙin amincewa ranar 21 ga Fabrairu 2000. A ranar faɗa ya kaure, aka shafe kwanaki ana kisa da ƙone-ƙone, sannan ya sake tashi a watan Mayu. Kwamitin binciken da gwamnatin jiha ta kafa ya ƙidaya mutum 1,295 da suka mutu, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch kuma ta ce adadin bai gaza 2,000 ba. An ƙona masallatai da coci-coci da dubban gidaje. A Aba da wasu garuruwan kudu maso gabas an kai wa 'yan Arewa harin ramuwa.

A watan Nuwamba 2002, wani rubutu da jaridar ThisDay ta buga game da gasar sarauniyar kyau ta duniya, wanda ya taɓa martabar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya jawo zanga-zangar da ta rikiɗe ta zama faɗa. Kimanin mutum 250 suka mutu, aka mayar da gasar Landan. Wanda ya daure ya zauna a unguwar da 'yan addininsa ba su da yawa bayan 2000, a 2002 ya tattara kayansa.

Bayan zaɓen shugaban ƙasa na watan Afrilu 2011 an kashe fiye da mutum 800 a jihohi 12 na Arewa cikin kwana uku, kuma Jihar Kaduna ce ta fi asara. Musulmin da suka tsira daga Zonkwa da kewaye sun daɗe suna zaune a sansanin alhazai na Mando. Ranar 17 ga Yuni 2012 'yan Boko Haram suka tayar da bama-bamai a coci-coci a Zariya da Kaduna, aka tare hanya a Gonin Gora ana kashe matafiya. A watan Oktoba 2018 mutum 55 suka mutu a Kasuwan Magani, bayan kwana uku tarzoma ta shigo birni, aka sa dokar hana fita ba dare ba rana.

Yadda rabuwar take gudana

A yau unguwannin Tudun Wada, Rigasa, Unguwar Sanusi, Unguwar Mu'azu, Badarawa, Unguwar Dosa, Kawo da Hayin Banki kusan duk Musulmi ne. Sabon Tasha, Television, Narayi, Unguwar Romi, Unguwar Boro da Gonin Gora kuma kusan duk Kiristoci ne. Iyakar ba ta miƙe sak ba. Barnawa da unguwannin masu hali irin su Malali da Unguwar Rimi har yanzu a cakuɗe suke, akwai kuma tsirarun Musulmi a Makera da Kakuri da Nasarawa, da tsirarun Kiristoci a Kabala ta Yamma. Sunayen ƙananan hukumomi ma suna iya rikita baƙo, domin Tudun Wada tana ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu alhali tana arewacin kogi.

Rabuwar ta zo ne mataki-mataki. Da farko mutane sun gudu zuwa barikin soja da na 'yan sanda ko gidajen dangi. Da abin ya lafa, sai aka shiga sayar da gidaje da araha, wasu kuma suka yi musaya: Musulmin da ke da gida a Sabon Tasha ya ba Kiristan da ke da gida a Rigasa, kowa ya koma cikin nasa. Daga nan masu gidajen haya da dillalai suka fara duba sunan mai neman ɗaki kafin su duba kuɗinsa. Sannan kasuwa da makaranta da asibiti da tashar mota suka bi jama'a, kowane hayi ya samu nasa. A cikin wannan lokaci ne masaƙu suka durƙushe, KTL ta rufe a 2002, UNTL a 2007, aka rasa wurin da ya fi ko'ina haɗa talakawan ɓangarorin biyu.

Da rana Kaduna gari ɗaya ce. Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, sakatariyar gwamnati, asibitin Barau Dikko, jami'ar jiha da kwalejin kimiyya da fasaha duk suna tara mutanen hayi biyu. Da almuru kowa yakan ƙetare gada ya koma wurin kwanansa. Kuma babu ɓangaren da zai iya rufe ƙofarsa: hanyar Abuja ta ratsa Gonin Gora, hanyar Zariya da Kano ta ratsa Kawo, tashar jirgin ƙasan Abuja tana Rigasa, matatar mai tana kudu. Shi ya sa idan jita-jita ta tashi, matafiyi da ɗan acaɓa da mai talla su ne sukan fara shiga haɗari.

Wasu mazauna garin suna ganin rabuwar ta rage zubar da jini, tun da ba a kwana da fargabar maƙwabci. Wasu kuma suna nuna hasararta: yaron da aka haifa a Rigasa ko a Narayi bayan 2000 yana iya gama sakandare bai taɓa shiga gidan wanda ba addininsu ɗaya ba. Abin da ya sani game da mutanen hayi, a bakin wasu ya ji shi. Irin wannan rabuwa ta faru a Jos bayan rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010, inda Unguwar Rogo da Gangare suka zama na Musulmi, Jenta da Unguwar Rukuba na Kiristoci.

Katangun Belfast

Belfast ita ce babban birnin Ireland ta Arewa, yankin da ya ci gaba da zama ƙarƙashin Birtaniya bayan raba tsibirin Ireland a 1921. Ɓangarorin biyu duk Kiristoci ne, kuma jigon rigimarsu siyasa ce: mafi yawan Furotesta suna son zama cikin Birtaniya, mafi yawan Katolika suna son haɗewa da Jamhuriyar Ireland. Tsakanin ƙarshen shekarun 1960 da 1998 an kashe fiye da mutum 3,500.

A watan Agusta 1969 aka ƙona gidajen Katolika a titin Bombay da kewaye, gwamnatin Birtaniya ta turo sojoji. A watan Satumba sojojin suka kafa shingen waya tsakanin unguwar Falls ta Katolika da Shankill ta Furotesta, kwamandansu yana cewa na ɗan lokaci ne. Shingen waya ya zama kwano, kwano ya zama siminti, aka ɗora ragar ƙarfe a sama domin tare duwatsu da kwalaben fetur. Katangar Cupar Way ta kai tsawon kusan mita 800, wasu katangun kuma sun haura mita 7 a tsaye. Ana kiransu katangun zaman lafiya. Suna da ƙofofi da ake buɗewa da safe a rufe da dare, gidajen da ke jingine da su kuma wasu an lulluɓe bayansu da keji na ƙarfe.

Yarjejeniyar sulhu ta ranar 10 ga Afrilu 1998 ta tsayar da yaƙin, amma katangun sun ƙaru bayanta. Lambun shaƙatawa na Alexandra an raba shi biyu da shinge a 1994, ba a buɗe ƙofa a jikinsa ba sai 2011. A 2001 sai da 'yan sanda suka riƙa raka 'yan mata ƙanana zuwa makarantar firamare ta Holy Cross a Ardoyne, saboda hanyarta ta bi ta unguwar ɗaya ɓangaren. Wata ƙidaya da aka yi wajen 2012 ta samu shingaye kusan 100 a birnin, idan aka haɗa katangu da ƙofofi da filayen da aka bari kufai. A 2013 gwamnatin yankin ta yi alkawarin kawar da su duka kafin 2023. An rushe wata a Ardoyne a 2016, an rage tsawon wasu, amma wa'adin ya wuce yawancinsu suna tsaye. Dalili shi ne an shar'anta amincewar maƙwabtan katanga, kuma binciken da Jami'ar Ulster ta yi a 2012 ya nuna kusan kashi 7 cikin 10 na masu zama kusa da su suna ganin har yanzu ana bukatarsu. A watan Afrilu 2021 matasa sun yi jefe-jefe a ƙofar Lanark Way, galibinsu an haife su bayan sulhu.

Kamanni da bambanci

A biranen biyu, tsoro ne ya fara raba mutane, sannan rabuwar ta riƙa ciyar da tsoron. A biranen biyu talakawa ne suka fi ɗaukar nauyin abin, domin unguwannin masu hali ba su cika rabuwa ba. Makaranta ma tana da hannu: a Ireland ta Arewa ƙasa da kashi 10 cikin 100 na ɗalibai ne ke zuwa makarantun haɗaka, waɗanda ta farkonsu, Kwalejin Lagan, aka buɗe a 1981. Bambancin shi ne katangar Belfast hukuma ce ta gina ta, tana da mai kula da ita da lokacin rufe ƙofa, ana iya ƙidaya ta a sa ranar rushe ta. Iyakar Kaduna tana cikin cinikin gidaje da zukatan mutane, babu abin da katafila za ta rushe. An ƙara gadoji a kan kogin, ciki har da ta hanyar Yakowa, zirga-zirga ta yi sauƙi, amma wurin kwana bai sauya ba.

Ƙoƙarin ɗinke ɓaraka

Gwamna Ahmed Muhammad Maƙarfi ya fito da tsarin kotuna uku a 2001: kotun shari'a ga Musulmi, kotun al'ada ga masu bukatarta, da kotun majistare ga kowa. Ya kuma ƙirƙiro sababbin masarautu ga ƙabilun Kudancin Kaduna. Ranar 22 ga Agusta 2002 shugabannin addini 22, rabi Musulmi rabi Kiristoci, suka sa hannu a kan Sanarwar Zaman Lafiya ta Kaduna. A 2017 aka kafa Hukumar Zaman Lafiya ta Jihar Kaduna ƙarƙashin Bishop Josiah Idowu-Fearon.

Mafi shahara a wannan fage su ne Imam Muhammad Nurayn Ashafa da Fasto James Movel Wuye. A rikicin 1992 kowannensu yana jagorantar matasan ɓangarensa. Wuye ya rasa hannu, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan uwansa biyu. Sun haɗu a 1995, daga baya suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai a Kaduna, wadda ta shiga tsakani a rikicin Yelwa da Shendam a Jihar Filato. A wannan jiha ce kuma, a watan Yuni 2018, Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar ya ɓoye Kiristoci 262 a masallacinsa da gidansa ya hana a taɓa su. Malaman fiƙihu sun daɗe da bayyana cewa maƙwabcin da ba Musulmi ba yana da haƙƙin maƙwabtaka cikakke, wanda ya haɗa da kare shi daga cuta.

Zangunan Gana

A nan Gana, ƙidayar 2021 ta nuna Kiristoci kashi 71.3 cikin 100 ne, Musulmi kashi 19.9. Zango asalinsa masaukin fatake ne na cinikin goro, daga baya ya zama sunan unguwar baƙi. A Accra, wadda mutanen Zango ke kira Ankara, Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20, Malam Amadu Futa kuma ya samu filin Nima daga iyalin Odoi Kwao a farkon shekarun 1930. Nima da Maamobi sun tara Hausawa da Zabarmawa da Kotokoli da Mosi da Dagomba da Wangara da Frafra da Ewe, Hausa ce harshen kasuwa. Cocin Katolika na St. Kizito yana cikin Nima, tsakiyar masallatai. Iyakar da aka fi gani a nan ta arziki ce, tsakanin lungunan Nima da Maamobi da manyan gidajen Kanda da Roman Ridge da unguwar filin jirgi.

Shugabanni sun taimaka wajen tsare wannan zama. An kafa Majalisar Zaman Lafiya ta Ƙasa da doka a 2011. Ranar 21 ga Afrilu 2019 Babban Limamin Ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, ya ziyarci cocin Christ the King lokacin bikin cikarsa shekara 100.

Duk da haka zangunan sun ga gargaɗi. Dokar korar baƙi ta watan Nuwamba 1969 ta kwashe dubban mutane daga zanguna cikin makonni, ta kuma bar tabon kallon ɗan Zango a matsayin baƙo. A watan Yuni 2012 a Hohoe, tone gawar limamin gari ya jawo faɗa tsakanin matasan Zango da 'yan gari, aka sa dokar hana fita, iyalai da yawa suka gudu. A watan Fabrairu 2016 a Old Tafo da ke Kumasi, saɓani kan katangar maƙabarta ya kai ga asarar rai da ƙone-ƙone, sai da Babban Limami da Asantehene suka sa baki. Duka biyun an kashe wutar kafin mutane su fara sayar da gidajensu.

Wannan mataki na sayar da gidaje shi ne Kaduna da Belfast suka nuna yana da wuyar komawa baya. Ana iya tsayar da faɗa cikin kwanaki, amma Belfast ta haura shekara 25 da sulhu katangunta na tsaye, Kaduna kuma ta haura shekara 20 kogi yana raba wurin kwanan mutanenta. Gidan haya na haɗaka, makarantar da yaran unguwa duka ke zuwa, gaisuwar mutuwa da ta suna tsakanin maƙwabta, da saurin haɗuwar limamai da fastoci da sarakunan Zango idan jita-jita ta tashi, su ne abubuwan da Nima da Maamobi ke da su a hannu yanzu. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.